Filin Amsa Wasiƙu: Da Wane Ido Zan Tsaya a Gaban Allah?

Yawancin wasiƙun wannan wata sun faɗa kan neman gafara. Mun ɓoye sunaye kamar yadda muka saba, mun kuma taƙaita wasiƙun. Mai riƙe da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 zai ga Matta da Yohanna inda muka rubuta Matiyu da Yahaya, ayoyin dai su ne.

Tambaya: Baba Fasto, ni makanike ne a Kakuri. Shekara uku rabona da sujada. Na shiga shaye-shaye da neman mata, mahaifiyata kullum cikin kuka take. Ina so in dawo, amma na ce bari in daina komai tukuna, in yi ko wata shida a tsabtace, sannan in iya ɗaga ido in roƙi Allah. Sau uku ina farawa ina komawa ruwa. Ta ina zan kama?

Amsa: Ɗana, tsarin ne ka juya, shi ya sa kake komawa gidan jiya. A garejinku, in mota ta buga inji, mai ita ba ya ajiye ta a gida wai sai ta ɗan farfaɗo kafin ya kawo. Ɗaure ta ake yi da igiya, a jawo ta tana ɗigar baƙin mai, a tsayar da ita gaban mai gyara. Yesu ya ce marasa lafiya ne ke bukatar likita, kuma masu zunubi ya zo kira (Markus 2:17). Ka duba ɓataccen ɗan nan na Luka 15. Tun a hanya ya shirya jawabinsa, har da roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago ya riƙa aiki ana biyansa. Uban ya hango shi daga nesa, ya ruga ya rungume shi, bai ma kai ga maganar ƙodagon ba aka kawo riga da zobe da takalma. Wata shidan da kake son tarawa, ƙodagon nan ne.

Ga tushen abin. A Tsohon Alkawari akwai ɗaki a can ƙurya da ake kira Wuri Mafi Tsarki, labule ya tsare shi. Babban firist kaɗai ke shiga, shi ma rana ɗaya a shekara, Ranar Kafara, da jinin bijimi saboda zunubinsa da na gidansa, sannan da jinin bunsuru saboda jama'a. Akwai bunsuru na biyu da zai ɗora wa hannuwansa a ka, ya furta laifofin jama'a a kansa, a kora shi jeji. Duk wannan yana Littafin Firistoci sura 16. Baɗi kuma a sake, domin jinin dabba ba ya kawar da zunubi (Ibraniyawa 10:4). Da Yesu ya mutu a kan gicciye, labulen Haikali ya tsage gida biyu daga sama har ƙasa (Matiyu 27:51). A kan wannan ne Ibraniyawa 4:14-16 ta ce muna da Babban Firist wanda aka gwada ta kowace hanya kamarmu, bai kuwa yi zunubi ba, don haka mu matso gaban kursiyin alheri gabanmu gaɗi mu karɓi jinƙai. Bangaskiya ita ce ka sakar wa aikinsa nauyinka duka, kamar yadda kake shiga ƙarƙashin mota ka kwanta bayan ka tabbata abin da ya tokare ta ba zai goce ba.

Abin yi kuwa yau ne, ba sai Lahadi ba. Ka sami wuri kai kaɗai, ka kashe waya, ka buɗe Zabura 51 ka karanta da murya a hankali. Addu'ar Dawuda ce bayan annabi Natan ya tunkare shi kan Batsheba da kisan mijinta Uriya. Za ka ga babu "in ma na yi kuskure" a cikinta. Kai ma ka kira kowane abu da sunansa: giya, ƙwaya, fasikanci, ƙaryar da ka yi wa mahaifiyarka, kuɗin kayan gyara da ka ɗora wa mai mota in akwai. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Sannan ka roƙi jinƙai saboda Yesu, ba sai da dogon jawabi ba. Mai karɓar harajin nan na Luka 18 ya tsaya nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji, addu'arsa jimla ɗaya ce, shi ne kuwa ya koma gida a karɓe, aka bar Bafarisiye mai azumi sau biyu a mako. Kafin ka tashi, karanta 1 Yahaya 1:9 ka yi godiya a kanta, ko ka ji sanyi a ranka ko ba ka ji ba.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne uzuri. "Abokai ne suka ja ni," "Shaiɗan ne." Adamu ya riga kowa yin haka a Farawa 3:12, ya ɗora wa matarsa, har ya shafa wa Allah da ya ba shi ita. Wanda ya kawo uzuri sassauci yake nema, alhali gafara ce a ajiye dominsa. Sai kuma tuban muzuru: a yi kuka da dare, da safe lambobin nan suna nan a waya, hanyar komawa gida kuma ta gaban mashayar take bi. Tuba juyawa ce, ƙafa ma tana juyawa. Cikin satin nan ka goge lambobin, ka canza hanya, ka sami dattijo ɗaya mai riƙon asiri a ikilisiyarku ka gaya masa gaskiya, ku sa ranar da za ku riƙa haɗuwa.

Abu ɗaya game da jikinka. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, in ya yanke farat ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa, rashin barci, wani lokaci har da farfaɗiya. Wannan aikin likita ne, kuma zuwa wurinsa ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, kusa da kai. In kuma ka sake zamewa, kada ka ƙara yin shekara uku a waje. 1 Yahaya 2:1 ta ce muna da mai tsaya mana a gaban Uba. A ranar da ka faɗi, a ranar za ka koma.

Tambaya: Malam, shekara 12 ke nan da na aikata wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na roƙi gafara ya fi a ƙirga, na yi azumi, amma da na rufe ido a sujada sai abin ya tsaya mini a gaba. Ko Allah bai yafe ba ne? Ko saɓon Ruhu Mai Tsarki na yi? (Wata uwa daga Sabon Tasha)

Amsa: 'Yar'uwa, bari mu fara kawar da na biyun. Karanta Markus 3:22-30 gaba ɗaya. Malaman Attaura sun ga Yesu yana fitar da aljanu da idonsu, suka ce da ikon sarkin aljanu yake yi. Zuciya ce da ta ga aikin Ruhu a fili ta kira shi aikin Iblis, ta kafe a kan haka. Mai irin wannan zuciyar ba ya shekara 12 yana kuka yana neman gafara. A aya ta 28 ma, kafin gargaɗin cewa mai saɓon Ruhu Mai Tsarki ba shi da gafara, Yesu ya ce za a gafarta wa 'yan adam dukkan zunubai.

Na farkon kuwa, kin mai da abin da kike ji ya zama ma'aunin abin da Allah ya yi. 1 Yahaya 1:9 ta ɗora gafara a kan halin Allah, cewa shi mai aminci ne, mai adalci. Kalmar adalcin nan tana da nauyi: an riga an biya bashin a kan gicciye, mai adalci kuwa ba ya karɓar bashi ɗaya sau biyu. Wanda ya biya kuɗin haya aka ba shi rasit, in tsoron mai gida ya tashe shi cikin dare, rasit ɗin zai ɗauko ya duba. Naki rasit ɗin shi ne Romawa 8:1 da Zabura 103:12, inda aka ce ya nisanta laifofinmu da mu kamar nisan gabas da yamma.

Ki kuma bambance baƙin ciki iri biyu da Bulus ya ambata a 2 Korintiyawa 7:10. Yahuza da Bitrus duk sun ci amanar Yesu a dare ɗaya, duk kuma sun yi nadama. Yahuza ya mayar da azurfa talatin, ya koma cikin kansa, ya hallaka. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, amma da ya ji an ce Ubangiji ne a bakin teku, ruwa ya faɗa ya nufe shi (Yahaya 21). Tsawatawar Ruhu takan nuna abu takamaimai, ta tura mutum wurin Almasihu. Muryar da ke maimaita abin da aka riga aka furta tana cewa "ke ba a yafe wa irinki," ta mai ƙara ce, wato Shaiɗan.

Shawararmu: daga yau, in abin ya taso, kada ki sake roƙon gafara a kansa, ki yi godiya cewa an gafarta. Azumi yana da kyau don ƙasƙantar da kai da neman fuskar Allah, amma in kina yinsa don biyan tara, zai ƙara miki nauyi ne, don ba za ki taɓa sanin ko ya isa ba. Sannan shirun nan na shekara 12 shi kansa ciwo ne. Dawuda ya ce da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace, ƙarfinsa ya ƙafe kamar a zafin bazara (Zabura 32:3-4). Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna, mu yi wa juna addu'a don mu warke. Ki zaɓi mace ɗaya da ta manyanta cikin bangaskiya, wadda ba a taɓa jin maganar wani a bakinta ba. Ba a tsakiyar taron Zumuntar Mata ake irin wannan ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Kawo. Shekara huɗu da suka wuce ina riƙe da adashe, na ci naira 200,000 na wani abokin kasuwanci, na ce masa an sace. Ya haƙura. Na tuba a gaban Allah. Dole ne in tono maganar?

Amsa: Dole ne, ɗan'uwa. Gafarar Allah kyauta ce, ba ka saye ta da mayar da kuɗi, amma kuɗin na mai su ne har yanzu, kuma kowace safiya da ka buɗe shago da su a cikin jarinka, ƙaryar tana ci gaba. Yesu ya ce in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24).

Shari'ar Musa ta yi magana a kan irin naka daidai. Littafin Firistoci 6:1-7 ya ambaci wanda aka ba ajiya ya yi ƙarya a kanta: zai mayar da uwar kuɗin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. A lissafinka, naira 200,000 da ƙarin 40,000, wato 240,000. Kirista ba ya ƙarƙashin wannan doka a matsayin farilla, amma ma'auni ne mai kyau na mafi ƙaranci. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi mu sanin buhu nawa kuɗin nan ke saya a lokacin da kuma nawa suke saya yau, don haka ka yi lissafin da tsoron Allah. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ninki huɗu ya yi alkawarin mayarwa, ya ba matalauta rabin dukiyarsa. Ka lura da jerin a Luka 19: sai da Yesu ya kira shi daga kan itace ya shiga gidansa, sannan hannunsa ya buɗe.

Ka je da kanka, kada ka aika. In kana tsoron abin ya zama rigima, ka tafi da dattijo ɗaya da ku biyun kuke girmamawa. Ka faɗi magana a miƙe: "Kuɗin nan ba a sace ba, ni na ci, na yi maka ƙarya, ka yafe mini." Ka riƙe wani abu a hannu a ranar, ko kashi ɗaya cikin huɗu ne, sauran kuma ku rubuta nawa za ka riƙa biya a wata, a gaban shaida. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura kuɗin a ɓoye a matsayin kyauta ko gudummawar biki. Ta haka kuɗi sun koma, ƙarya ta zauna, har ma an sami godiya a kanta. In da lokacin ka bar zargi ya faɗa kan wani yaron shago, shi ma yana binka bashin wanke sunansa a gaban waɗanda suka ji. Wani kuskuren shi ne a zuba kuɗin a baiko alhali mai su yana raye. Littafin Ƙidaya 5:8 ya ba da wannan hanyar ne kawai in mutumin ba ya nan kuma ba shi da dangin da za a mayar wa.

Yana iya yin fushi, yana iya yayata ka a kasuwa. Ka shirya wa wannan. Amsarsa tasa ce, kai dai ka sauke naka.

Tambaya: Wani mai addu'a ya ce zunubina mai nauyi ne, sai na shuka iri na naira 50,000 na kuma sayi mai na musamman kafin a karya shi. Haka ne? (Wata ɗaliba daga Narayi)

Amsa: Ba haka ba ne, 'yata, kada ki ba shi ko sisi. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:18-20). An fanshe mu ba da azurfa ko zinariya ba, da jinin Almasihu ne (1 Bitrus 1:18-19). Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu ba shi da abin bayarwa, hannuwansa ma a kafe suke, ya ce a tuna da shi, aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Cinikin takardun sassauci, wato takardun rage horon zunubi, shi ne ya sa Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95 a Jamus a 1517, Cocin Katolika ma daga baya ta hana sayar da su. Baiko godiya ce ta wanda ya riga ya karɓa. Ki sanar da fastonki, don ba ke kaɗai mutumin nan yake gaya wa haka ba.

Tambaya: Ni ɗan ECWA ne, matata 'yar Katolika. Ita tana zuwa furta zunubi wurin Fada, ni na ce kai tsaye ake zuwa wurin Allah. Gardama ta hana mu addu'a tare. Wa ke da gaskiya? (Daga Barnawa)

Amsa: Ɗan'uwa, bambancin na gaske ne, ba za mu shafe shi da man shanu a baki ba. Amma ka fara sanin abin da cocin matarka ke koyarwa daga tushe. Katolika sun yarda Allah kaɗai ke gafarta zunubi. Suna ganin Fada bawa ne da ke furta gafarar da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, bisa Yahaya 20:22-23, inda Yesu ya hura wa almajirai Ruhu ya ce wanda suka gafarta wa an gafarta masa. Ana bukatar nadama ta gaskiya, da furta manyan zunubai, da cika abin da Fada ya ɗora na addu'a ko gyara. Dokar yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara ta samo asali daga taron Lateran na 1215, babban taron shugabannin cocin a Roma, Fada kuma ba shi da izinin fallasa abin da ya ji ko da za a kashe shi.

ECWA da Baptis da HEKAN da makamantansu suna tsayawa kan 1 Timoti 2:5, matsakanci ɗaya tsakanin Allah da mutane, suna kuma fahimtar ayar Yahaya a matsayin ikon shelar bishara. Angilikan suna furta zunubi tare a cikin sujada, limami ya yi shelar gafara, mai son ganinsa a keɓe kuma ba a hana shi ba. Mu a wannan fili mun gamsu cewa mai bi yana da hanya kai tsaye ta wurin Almasihu. Amma mu faɗi gaskiya, da yawa a cikinmu sun mai da "kai tsaye" mafaka, shekara goma ba su buɗe wa kowa cikinsu ba, alhali Yakubu 5:16 tana cikin namu Littafin ma.

A 1999, a birnin Augsburg, Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu kan sanarwar cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah ke karɓarmu. A nan za ku iya durƙusawa tare. Ku karanta Zabura 130 da dare, ku yi Addu'ar Ubangiji, wadda ku biyun kuka haddace tun kuna yara, gardamar kuma ku daina yinta a gaban 'ya'ya.

Tambaya: 'Ya'yana, ni tsoho ne, na haura saba'in. An kashe ɗana a rikicin 2011, ba a kama kowa ba. In muka zo wurin "ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi" sai bakina ya ƙi motsi. Ina tsoron in mutu Allah bai gafarta mini ba. (Daga Gonin Gora)

Amsa: Baba, Allah ya ƙara muku haƙuri. Bakin da ya ƙi motsi don kada ya yi wa Allah ƙarya, baki ne mai tsoron Allah, kada ku ɗauke shi alamar hallaka.

Maganar Yesu a Matiyu 6:14-15 tana nan da nauyinta, ba za mu rage ta ba. Amma a duba abin da ake nema. Ba a ce ku manta ba, ba a ce ku ce abin da aka yi ba komai ba ne, ba a kuma ce hukuma ta bar masu kisa ba, don Romawa 13:4 ta ce mai mulki bai riƙe takobi a banza ba. Ba a ce hawaye su tsaya ba. Zabura 13 da ta 88 addu'o'in kuka ne, suna kuma cikin Littafi domin irinku su yi addu'a da su. Abin da ake nema yana Romawa 12:19: ku cire ramuwa daga hannunku ku miƙa ta ga Allah, wanda ya ga fuskar da ba a kama ba. Yusufu ya yafe wa 'yan'uwansa, duk da haka ya gwada su kafin ya amince da su, ya kuma yi kuka sau da yawa a tsakani.

Misalin Matiyu 18 yana nuna daga ina ƙarfin yake zuwa. Bawa na farko ana binsa talanti 10,000. Talanti ɗaya dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan yini guda na lebura, wato aikin yini miliyan 60, abin da ba a biya ko da jikoki sun gaji bashin. Sarki ya yafe masa. Shi kuma ya shaƙe wanda yake bi dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki. Ba muna cewa jinin ɗanku dinari ɗari ba ne, Allah ya kiyaye. Muna cewa gafarar sarki ce ta zo da farko. Afisawa 4:32 ma haka ta jera: ku yafe kamar yadda Allah ya riga ya yafe muku cikin Almasihu. Daga rijiyar da aka shayar da ku za ku ɗiba.

Ku fara daga inda kuke. Ku gaya wa Allah, "Ban iya ba, amma ina so ka sa in iya," kamar uban nan na Markus 9:24 da ya ce ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa. In kun zo layin nan a Addu'ar Ubangiji, ku faɗe shi a matsayin roƙo. Duk ranar da fushin ya taso, ku sake miƙa shi, ko sau nawa ne. A nan Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Sun haɗu a 1995 suka soma aikin sulhu tare, Wuye kuwa ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya ɗauki shekaru kafin ƙiyayyar ta bar zuciyarsa.

Roƙo ɗaya muke yi muku saboda jikokinku. Ezekiyel 18:20 ta ce mai zunubi shi ke ɗaukar laifinsa, ɗa ba ya ɗaukar na uba. Mai kayan miyan da ke sallama a ƙofarku da mai Keke Napep da ke kai jikokin makaranta ba su ne suka kashe ɗanku ba. Ku bar yaran su ji haka daga bakinku.

Tambaya: Na yi ciki kafin aure, ikilisiya ta sa ni ƙarƙashin horo. An cire ni daga mawaƙa, ba na cin Jibin Ubangiji, a bencin baya nake zama. Sai horon ya ƙare ne Allah zai gafarta mini? (Daga Unguwar Television)

Amsa: A'a, 'yata. Da Dawuda ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, a nan take Natan ya ce masa an kawar da zunubinsa, ko da yake abin da ya biyo baya a gidansa bai fasa zuwa ba (2 Sama'ila 12:13-14). In kin tuba kin dogara ga Almasihu, an gafarta miki tun ranar, jaririn kuma ba zunubi ba ne, kyautar Allah ne. Horo aikin ikilisiya ne don maido da mutum da tsare shaidar jama'a, ki karɓe shi da tawali'u, kada ki gudu zuwa wata majami'a inda ba a san ki ba.

Kina da damar zuwa wurin dattawa da ladabi ki tambayi tsawon lokacin, da abin da ake so a gani, da macen da za ta riƙa ziyartarki tana karatu da ke. Ga dattawa kuma: Bulus ya umarci Korintiyawa su yafe wa wanda aka hora, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korintiyawa 2:6-8), Galatiyawa 6:1 kuma ta ce a yi maidowar da ruhun tawali'u. In saurayin ɗan ikilisiya ne, horon ya hau kansa daidai da nata, don ciki a jikin mace kaɗai yake fitowa amma mutum biyu suka yi. In a gaban jama'a aka sanar da horon, to ranar da ya ƙare a kira ta gaba a sanar da dawowarta a gaban jama'ar nan, a miƙa mata gurasa da ƙoƙo tare da kowa.